Yadda ake binciken shatin cizo in an same shi a jikin mutum

Mutane da yawa suna ɗauka da zarar an ga shatin haƙora a jikin wanda aka kai wa hari shikenan an kama mai laifi, a ɗora haƙoransa kawai a kan tabon a ce shi ne. Abin ba haka yake ba gaskiya. Ga yadda aikin ke tafiya.

Abu na farko, kuma shi ne wanda in aka yi sake da shi komai ya lalace: kar a wanke wurin. Kar a goge, kar a shafa magani tukuna sai dai in rai ne ke cikin haɗari, toh nan kam jinya ce a gaba. Dalili shi ne duk wanda ya yi cizo sai ya bar yawu, a cikin yawun nan kuma akwai DNA ɗinsa, wato ƙwayoyin halittar gado da ake bambance mutum da su.

Sai hoto. Ana ajiye wata ƴar rula mai lanƙwasa kamar kusurwa a gefen tabon, a saita kyamara ta kalli wurin tsaye cak ba a karkace ba, don in ta karkace ko kaɗan girman haƙoran zai canza a hoton. Kuma ba sau ɗaya ake ɗauka ba, ana komawa bayan kwana ɗaya, biyu, har kwanaki, saboda kumburi yana sauka, kalar wurin tana juyawa, wani lokacin ma sai daga baya shatin ke fitowa sosai.

Daga nan a ɗebi yawun. Tsinken auduga biyu ake amfani da su, na farko a jiƙa shi da tsaftataccen ruwa a murza a hankali a kan fatar, na biyu busasshe ya bi baya ya kwashe danshin, a bar su su sha iska su bushe kafin a rufe a ambulan na takarda. In aka ƙulle su da danshi a leda za su yi fumfuna DNA ɗin ya lalace.

Yanzu ne likitan haƙori zai shigo. Tambayarsa ta farko ita ce wai ma cizon mutum ne? Na mutum yakan fito kamar baka biyu suna kallon juna, na sama da na ƙasa, galibi haƙoran gaba da fiƙa ne ke fitowa. Na kare ya fi tsukewa, ya huda ya yaga. Tazarar da ke tsakanin fiƙoƙin sama biyu ma tana ba da haske, in ba ta kai santimita 2.5 ba an fi zaton yaro ne. In cizon ya lotsa fata, sai a zuba wata roba mai taushi a kai ta daskare ta ɗauki siffarsa.

In akwai wanda ake zargi, da yardarsa ko da izinin kotu a ɗauki siffar haƙoransa a zuba filasta a fitar da kwafinsu, a duba giɓi, wushirya, karyayyen haƙori, wanda ya karkace, sannan a gwada da hoton a kwamfuta.

Toh a nan ne fa rigimar take. Fata ba kakin zuma ba ce, tana miƙewa tana kumbura, wanda ake cizo kuma ba tsayawa zai yi ba, fizgewa yake, don haka baki ɗaya zai iya barin shati iri-iri. Shari'ar Ted Bundy, wani da ya kashe mata da yawa, a Amurka a 1979 ita ta sa hanyar ta yi suna, amma a can ɗin dai aka ɗaure wani mai suna Ray Krone a jihar Arizona a 1992 kan shaidar cizo, har hukuncin kisa aka yanke masa, sai a 2002 DNA ya wanke shi bayan ya share shekara 10 a kurkuku. A 2009 Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka ta fitar da rahoto cewa babu ƙwaƙƙwarar hujjar kimiyya da ke nuna za a iya ware mutum ɗaya tak da shatin cizo, a 2016 kuma hukumar kimiyyar binciken laifuka ta Texas ta ba da shawarar a dakatar da kai irin wannan shaidar kotu.

Kar a haɗa wannan da gano gawa ta haƙora fa, wancan daban ne kuma yana aiki sosai, don ana kwatanta cikon haƙori da hoton eksiren gawar ne da abin da ke fayil ɗin likita, haka aka gane da yawa daga waɗanda tsunamin 2004 ya kashe a Tailan.

Mataki na ƙarshe shi ne rubuta rahoto. A ganina likitan da ya san abin da yake yi ba zai wuce ya ce cizon mutum ne ko ba shi ba ne, sannan ko haƙoran wane sun yi hannun riga da shatin har a cire shi daga zargi. Maganar wa ya yi cizon kuma a bar wa sakamakon tsinken audugan nan.