Yadda ake haɗa jakar zanzaro don yaƙar murzuna a gonar gero

Murzuna ita ce tsutsar da ke bin zangarniyar gero tana yanke furanni, ta bar sawu a murɗe. Feshi bai cika kama ta ba, domin tana ɓuya a cikin zangarniya. Maganin da INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa, da jami'ar Maraɗi suka yaɗa a Nijar shi ne wani ɗan mitsitsin zanzaro, Habrobracon hebetor, wanda ba ya harbin mutum.

Macen ce ke aikin. Takan harbi tsutsa ta shanye mata jiki, sannan ta saka ƙwai a kan fatarta. Cikin kwana biyu sun ƙyanƙyashe, 'ya'yan su tsotse tsutsar, su saƙa ɗan farin gida a gefenta. Daga ƙwai zuwa babba, wajen kwana 10 ne lokacin zafi.

Ga haɗin. A ɗinka ƙaramar jaka da buhun algarara, santimita 7 a 10. A zuba gero giram 50 da garinsa giram 30, a sa tsutsar Corcyra guda 25, wadda ake kiwo a garin hatsi, sai matan zanzaro 2 da za su saka ƙwai a kan tsutsar, a ɗaure baki. Dole su kasance sun riga sun haɗu da namiji. Macen da ba a barbara ba maza zalla take haifa, namiji kuwa ba ya kashe tsutsa. Algarara ake so saboda sababbin ƙwarin ta ramukan saƙarta suke fita. Leda turnuƙe su take yi.

Ƙauye guda jaka 15 ake ba shi: 3 a gonar tsakiya, sai uku-uku a gabas, yamma, kudu da arewa. A rataye su a reshe ko kan sanda, a kifa musu abin da zai tare ruwan sama, kuma nesa da gidan tururuwa, don tana cinye abin da ke ciki.

Lokaci ne ya fi wuyar sha'ani. Ƙwarin sukan fara fita bayan kwana 8, kuma tsutsar da ta ɗan tasa suke nema. Saboda haka a rataye jaka daidai lokacin da gero ke fitar da kai yana fure. In aka jira ɓarna ta bayyana sosai, murzuna ta sauka ƙasa ta shige, ba za ta fito ba sai damina mai zuwa.

Bayan saki, kada kowa ya yi feshi a yankin. Da wata ya zagayo, a buɗe zangarniya a duba: tsutsa a yamushe da fararen gidaje kusa da ita, aiki ya ci.