Kurakuran da ke kayar da masu neman aiki a jarrabawar gwaji

Duk sanda wani banki ko wata hukuma ta buɗe shafin ɗaukar ma'aikata, wayata ba ta hutawa. Ƙanne da 'ya'yan abokai da suka gama bautar ƙasa, kusan tambayarsu ɗaya ce: "Yaya, ka san wanda zai zauna min?" ko "Ina ake samun ekspo?" Da wuya a samu mai cewa a nuna masa yadda tambayoyin suke. Na gaji da maimaita magana ɗaya ga mutum ɗai-ɗai, shi ya sa na zauna na rubuta.

Babban kuskuren shi ne ɗauko sojan haya. An turo maka saƙo cewa ka rubuta jarrabawar a gida ta intanet, sai ka ga banza ta faɗi, ka nemo wani gwanin lissafi ya zauna gaban kwamfuta da sunanka. Abin da ba a gaya maka ba shi ne, wannan ta gida sau da yawa rairaya ce kawai ta rage yawan jama'a. Kamfanonin da ke shirya irin wannan gwaji, kamar SHL, sun tanadi gajeriyar jarrabawa ta biyu wadda ake yi a gaban mai sa ido, kuma aikinta guda ne: a gane ko wanda ya ci makin farko shi ne wannan da ke zaune a kan kujera. In makin gida ya kai sama, na ofis ya faɗo ƙasa warwas, ba sai an tambaye ka komai ba.

Wannan abin ya taɓa ci min mutunci, har yau in na tuna raina ɓaci yake. Ɗan wani aminina ne ya samu maki mai kyau a zagayen farko na wani kamfani. Uban ya roƙe ni in yi masa magana, ni kuwa ina da sanayya da wata mata a sashen ɗaukar ma'aikata, na kira ta na yabe shi sosai. Yaron ya ranci kuɗin mota ya tafi Legas. Aka zaunar da su a ɗaki, aka ba su tambayoyin da ba su ma kai na farko wuya ba. Ko rabi bai taɓa ba lokaci ya cika. Da matar ta kira ni, cewa kawai ta yi, "Malam, ka tabbata yaron nan shi ya rubuta ta farkon?" Kunya ta hana ni amsawa. Tun daga ranar ban sake iya kai mata sunan kowa ba, alhali akwai yara masu ƙoƙari na gaske da suka cancanci a yi musu magana. Su ne suka biya bashin da ba su ci ba. Kai da kake ganin wayo ka yi, ka sani hanya kake toshewa ga duk wanda zai biyo bayanka daga unguwarku.

A aikin gwamnati ma lamarin ya fi tsanani. Tun bayan turmutsutsun ranar 15 ga Maris 2014, da aka tara masu neman aikin shige da fice a filayen wasa bayan kowa ya biya naira 1,000, mutane suka rasa rayukansu, hukumomi da dama sun koma jarrabawa ta kwamfuta. Ta ɗaukar 'yan sanda a 2018 a cibiyoyin JAMB aka yi ta. A irin waɗannan wurare ana duba hoto da lambar NIN tun daga bakin ƙofa. Dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999 kuma ta sa sojan gona cikin laifukan da ake ɗaure mutum a kansu.

Kuskure na biyu ɗan'uwan na farko ne: sayen amsa da haddace ta. Wani zai buɗe zaure a WhatsApp ko Telegram, ya ce a turo kuɗi zai saki tambayoyi da daddare. Haba ƙanena! Kwamfuta daga rumbun tambayoyi take tsamowa, naka daban, na maƙwabcinka daban, ko kuma tambaya ɗaya da lambobi daban. Tambayoyin baya suna da amfani, ni ma da su nake koyarwa, amma hanyar warwarewa ake koya a cikinsu. Ga misali. Buhu ya tashi daga naira 40,000 zuwa 50,000, ƙarin kashi 25 cikin ɗari ke nan. Mai hadda ya riƙe 25. Ranar jarrabawa sai a juya: buhu ya sauko daga 50,000 zuwa 40,000. Zai danna 25 yana murmushi, amsar kuwa 20 ce, domin a kan 50,000 ake auna ragin.

Haka ɓangaren Turanci. A ba ka sakin layi, a kawo jumla, a ce ka zaɓa: gaskiya ce, ƙarya ce, ko ba za a iya cewa ba. Rubutun ya ce kamfani ya buɗe reshe a Kano, jumlar ta ce Kano ce cibiyar kasuwancin Arewa. Kowa ya san haka ne, amma tunda rubutun bai faɗa ba, amsar ita ce ta uku. Yaranmu nan suke zubewa, suna amsawa da abin da suka sani a gari maimakon abin da ke kan allo.

Masu ɗaukar hoton tambaya su tura wa ChatGPT ko wani aboki kuwa, agogo ne ke maganinsu. Galibi abin da kowace tambaya ke samu bai wuce minti ɗaya ko ɗaya da rabi ba. Kafin ka ɗauka, ka tura, amsa ta dawo, tambaya biyu sun wuce ka. Wasu manhajojin ma kyamara a kunne take, kuma suna rubuta duk fitar da ka yi daga shafin.

Abin da nake sa ɗalibaina su yi ba wani sirri ba ne, wasu malaman ma ba za su yarda da shi ba. Bayan Asuba, kafin a taɓa waya, lissafin ka na minti ashirin ba kalkuleta: jadawalin sau, kaso cikin ɗari, sai mutum ya san ɗaya bisa takwas kashi 12.5 cikin ɗari ne ba tare da ya tsaya tunani ba. Da yamma a karanta sharhin jaridar Turanci guda ɗaya, a faɗa min abin da ya ce da abin da bai ce ba. Ba na yarda a yi atisaye ba agogo a gefe, kuma tambayar da ta riƙe ka ta wuce minti ɗaya da rabi, tsallake ta. Kowa kuma da littafinsa da yake rubuta tambayoyin da suka kayar da shi kaɗai, shi ake bita a daren jarrabawa.

Sauran ƙanana ne amma suna kayarwa. Wanda bai saba da linzamin kwamfuta ba ya je shagon intanet ya saba tun da wuri. A yi cajin kwamfuta, a tanadi data ta layi biyu saboda sabis. A riƙa leƙa akwatin imel har ɓangaren tarkace, wato spam, gayyata da yawa can take kwana har wa'adi ya wuce. A karanta umarni a ga ko ana rage maki kan amsar da ba daidai ba kafin a fara canki-canki. Sunan da ke kan NIN kuma ya zo ɗaya da na takardun makaranta. In Muhammad ne a nan, Mohammed a can, a je a gyara ko a yo takardar rantsuwa daga kotu kafin ranar tantancewa.