Yadda Ake Mayar da Tsohon Gida Mai Rajista Zuwa Shaguna a Ingila

A kan titin Watergate na birnin Chester akwai wani gida da ake kira da sunan Bishop George Lloyd, wanda ya riƙe cocin birnin daga 1605 zuwa 1615. An ɗora shi ne bisa ɗakunan ƙasa na dutse waɗanda suka girme shi da ɗaruruwan shekaru, kuma har yau fuskarsa ta katako tana ɗauke da sassaƙe-sassaƙe, ciki har da siffar Adamu da Hauwa'u. A ƙasansa ana ciniki. Wanda ya mallaki irin wannan gida, yake kuma son buɗe shaguna a ciki, ga hanyar da zai bi.

Da farko sai ya binciki matsayin gidan a kundin rajistar gine-ginen tarihi da hukumar Historic England take kula da shi, inda aka kasa gine-gine zuwa daraja uku: I, II* da II. Fiye da kashi 90 cikin ɗari suna daraja ta II, gidan Lloyd kuwa yana ta I, wadda ita ce mafi girma. Abin da masu gida suka fi mantawa shi ne rajistar ta shafi ginin baki ɗayansa, ciki da waje, don haka matakala da ƙofofi da murhun ɗumama ɗaki duk suna ƙarƙashin kariya.

Daga nan sai ya ɗauki masanin zanen gini wanda ya saba da tsofaffin gidaje, su bi ɗaki-ɗaki suna aunawa suna ɗaukar hoto, su bambance abin da yake na asali da abin da aka ƙara daga baya. A ganina nan ne ya kamata a kashe lokaci mafi yawa, domin sau da yawa a bayan allon da aka manna shekaru sittin da suka wuce akan tarar da ginshiƙin katako mai shatin gatarin masassaƙi, ko silin mai ado na filasta da aka rufe. Wannan binciken ne zai nuna bangon da za a iya fasawa da wanda ba za a taɓa ba, shi ne kuma tushen rahoton da za a miƙa wa hukuma.

Sai neman izini. Dokar 1990 kan gine-gine masu rajista ta wajabta samun amincewar ƙaramar hukuma kafin a yi duk wani aikin da zai sauya kamannin ginin, kuma yin gaban kai laifi ne da zai iya kai mutum gidan yari na shekara biyu ko tara mai nauyi. Akwai izini na daban na sauya amfanin gida daga wurin kwana zuwa wurin kasuwanci. Yana da kyau a zauna da jami'in kula da gine-ginen tarihi tun kafin a zana komai.

Wajen tsara shagunan, a bar ɗakunan yadda aka same su, kowane ɗan kasuwa ya ɗauki ɗaki gwargwadon girmansa. Kanta da katakon jera kaya su tsaya da ƙafarsu ba tare da an kafe su a bango ba, wayoyin lantarki da bututu kuma su bi tsofaffin hanyoyi, kada a huda ginshiƙi saboda su. Duk abin da aka ƙara ya zama wanda za a iya cirewa gobe ba tare da ya bar tabo ba. Hanyar fita idan gobara ta tashi da mashigar masu keken guragu su ma a shigar da su cikin zanen tun farko.

Idan aka zo gyaran bango, a guji siminti, a yi amfani da farar ƙasa ta ƙonannen dutse irin wadda maginan farko suka kwaɓa. Siminti yana kulle danshi a cikin bango har katako ya ruɓe, kamar yadda yaɓensa yake kumbura ya ɓamɓare daga katangar ƙasa bayan damina. Idan ƙarshen ginshiƙi ya ruɓe, a yanke wurin kaɗai a yi masa ƙari da itace irin nasa.

Allon sunan shago ya zama ƙarami, rubutun hannu da fenti, a rataye shi inda ba zai rufe sassaƙa ko taga ba, kuma idan za a sa masa fitila sai an sake komawa ƙaramar hukuma.