Yadda za ka kare alkamarka daga cutar zangarniya

Ka shiga gona bayan alkama ta yi fure, in ka ga zangarniya rabi ta yi fari fat kamar ta nuna alhali sauran na kore shar, kuma a gindin ƙaiƙayin akwai wani ja-ja kamar hoda, to fumfunar fusariyum ce. Ƙwayar sai ta motse, ba nauyi, fara kamar alli.

Abin tsoron ma ba asarar buhu ba ne, gubar da take bari ce, DON, mai sa amai da gudawa, kuma wuta ba ta kashe ta, ko ka yi alkaki ko funkaso ko burodi tana nan daram. A Amurka hukumar kula da abinci da magunguna, FDA, ta ba da shawarar kada ta wuce miligiram 1 a kilo na fulawa.

Kar ka shuka alkama a inda ka cire masara ka bar karan a sama, a cikinsa fumfunar take ɓuya, ka binne shi ko ka canja fili. Mu masu noman rani hunturu na taimakon mu don danshi take so, amma in ban-ruwan yayyafi kake yi ka dakata lokacin fure. In za ka yi feshi, maganin fumfuna irin su tebukonazol da makamantansa, daidai farkon fure, in ka makara kuɗinka ka zubar.

Bayan sussuka a sheƙe da iska mai ƙarfi sosai, marasa nauyin su tashi, kar a ba kaji su kuma kar a ajiye iri daga ciki. Shanya har danshi ya sauka ƙasa da kashi 14 kafin a ɗinke buhu.