Yadda za ku tsare ƙyauren zuciyar yaro tun daga ciwon maƙogwaro

Ɗiyar yayata shekararta 14, yanzu ko guga biyu ba ta iya jawowa a rijiya sai ta zauna tana haki, da dare sai an tara mata filo uku kafin ta samu barci. Da aka yi mata hoton zuciya wanda ake ce ma eko, likita ya ce ƙyauren zuciyarta ne ya sandare, kuma mafarin abin ciwon maƙogwaro ne da ta riƙa yi tana ƙarama muna ba ta farasitamol muna cewa sanyin hunturu ne. Wallahi har yau abin na ci mani rai, shi ya sa nake rubuta wannan.

Zuciya tana da ƙyaure guda 4, likitoci na ce masu bawul. Aikinsu su buɗe jini ya wuce, su rufe kar ya komo baya, kusan sau 100,000 a kwana ɗaya. Duk wanda ya taɓa riƙa fatar jar akuyarmu ta Sakkwato bayan majemi ya gama da ita ya san irin laushin nan, ka naɗe ta ka sake ta koma yadda take, ga ta da ƙarfi ba ta yagewa. To haka lafiyayyen bawul yake, siriri, akwai zaren kolajin da ke ba shi ƙarfi da na ilastin da ke sa ya miƙe ya komo. Idan ƙwayar cutar sitiref ta kama maƙogwaro ba a kashe ta ba, bayan sati 2 zuwa 3 garkuwar jiki na iya rikicewa ta afka ma bawul ɗin kanta (cutar da likitoci ke ce ma zazzaɓin rumatik), ya kumbura, ya warke da tabo, duk dawowar cutar tabo kan tabo, har ya yi kauri ya ƙage kamar ƙirgi da aka shanya a rana, gefunansa su manne da juna, daga baya ma alli ya taru a kai. Wanda ya fi shan wahala shi ne na ɓangaren hagu, mitiral. Ƙofarsa a babban mutum murabba'in santimita 4 zuwa 6 ce, in ta tsuke ta koma 1.5 jini sai ya taru a huhu, shi ne hakin nan. Wani kuma ba tsukewa zai yi ba, rufewa ce zai kasa, ya riƙa yoyo. Kuma fa tabon nan in ya zauna babu ƙwayar da ke maido laushinsa, sai dai aikin tiyata.

To me za a yi? Yaro tsakanin shekara 5 zuwa 15 in ya ce haɗiyar miyau na mashi zafi, ga zazzaɓi, ga kaluluwa a wuya, amma ba tari ba majina, ku ɗauki fitilar waya ku leƙa bakinsa, in kun ga ja ko farin ruwa kamar mugunya a gefen maƙogwaro ku kai shi asibiti ranar nan. Don Allah ban da kai shi wurin wanzami a cire beli, wannan bai taɓa ƙwayar cutar ko kaɗan, ƙarin ciwo ne kawai. In likita ya rubuta fenisilin ko amosilin na kwana 10, a sha kwana 10 cif. Nan muka faɗi mu, kwana uku yarinya ta warware muka aje magani saman firiji.

Bayan ciwon maƙogwaro ku sa ido na 'yan watanni. In kun ga ciwon gaɓɓai mai yawo, yau gwiwa gobe idon sawu jibi gwiwar hannu, ko hannu ya riƙa motsi da kansa har yaro ya kasa riƙe cokali, mutane su ce iska ne, ku nemi a saurari zuciyarsa a yi eko. Asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo akwai likitocin zuciya.

In an tabbatar da cutar akwai allurar fenisilin mai daɗewa a jiki da ake yi duk sati 3 ko 4, shekaru ake ɗauka ana yi, wasu har su kai shekara 21 da haihuwa, wasu 40, likita ne zai yanke. Tana da zafi, yara na gudunta, amma ita ce ke hana sabon tabo. Mu kalanda muka rataya a ɗakin uwarta ana zagaye ranar da jan biro, kuma kuɗin wata mai zuwa a ware su tun yau.

Iyaye mata, in ɗiyarku na da wannan ku faɗa ma likita kafin maganar aure ta taso, don ciki na ƙara yawan jini da kusan rabi, ƙofar da ta tsuke ba ta iya ɗaukar wannan lodin, awo sai a babban asibiti tun watan farko.