Yadda za ka lissafa nisa da awannin jirgi daga Tromsø zuwa Longyearbyen

Abu na farko dai ka rabu da taswirar nan shimfiɗaɗɗa da ake liƙawa a bango, don ita ke fara yaudarar mutum. Duk ƙasar da ta matsa can ƙuryar arewa sai ta kumbura ta, shi ya sa za ka ga Greenland kamar ta yi kafaɗa da Afirka alhali Afirka ta ninka ta wajen sau 14. In ka ɗora rula a kanta ka auna, to lissafinka ya tashi a banza tun kafin ka fara.

Ga yadda nake yi. Ka nemo digirin arewa na kowane filin jirgi, in ka buga lambarsu a intanet zai fito maka, TOS ne na Tromsø da ke arewacin Norway, LYR kuma na Longyearbyen a tsibiran Svalbard. Tromsø tana wajen digiri 69.7, Longyearbyen kuma 78.25. Ɗebe ƙarami daga babba, saura 8.55, sai ka ninka da 111 domin kowane digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kilomita 111 ne ko ina a duniya. Ka ga an samu kilomita 950 kenan, kusan.

Inda mutane ke zamewa shi ne digirin gabas da yamma. Wannan ba ya tsayawa a 111, a tsakiyar duniya ne kawai yake haka, kana haurawa arewa yana tsukewa, kafin ka kai Longyearbyen ya koma wajen kilomita 23 kacal. Tsakanin filayen nan biyu bambancin digiri 3 da rabi ne, abin da zai ƙara maka bai taka kara ya karya ba, 'yan kilomitoci ne kawai. Amma fa in filayenka ɗaya na gabas ɗaya na yamma ne da nisa, kar ka wahalar da kanka da biro, ka nemi kalkuleta ta intanet mai auna hanyar da ke bin lanƙwasar duniya.

Sai lokaci. Babban jirgin fasinja yana cin wajen kilomita 800 a awa, ka raba 950 da 800, awa 1 da minti 11 kenan, to amma ai jirgi ba ya tashi da wannan gudun, akwai rarrafe a kan titi, hawa sama, sannan saukowa a hankali, don haka ka ƙara rabin awa. Ya zama awa 1 da minti 40, kuma kusan abin da za ka gani a tikiti kenan. Daga Oslo kai tsaye kuwa wajen kilomita 2,000 ne, awa 3. Agogo ɗaya Svalbard ke bi da sauran Norway, ba sai ka taɓa naka ba.

Ni dai ba zan haɗa wani jirgin a rana ɗaya da wannan ba, musamman daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Fabrairu lokacin da rana ba ta fitowa sam a Longyearbyen. In iska ko dusar ƙanƙara ta hana sauka, babu wani babban filin a kusa, sai dai jirgi ya juya baya. Kuma ka riƙe fasfo a hannu, Svalbard ba ta cikin Schengen, wato rukunin ƙasashen Turai masu biza ɗaya da Norway ke ciki, mai buƙatar bizar Schengen ya nemi mai shiga sau biyu don ta Norway zai sake dawowa.