Kafin ka rabu da tsohuwar kyamararka

'Yan uwa masu ɗaukar hoto, kada yawan megafiksel, wato adadin ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto, ya ruɗe ku. Canon 5D Mark II ta fito tun 2008, megafiksel 21 gare ta, amma da rana tsaka har gobe tana fitar da zaren shadda ɗaya bayan ɗaya, saboda faɗin sensarta, wato sashen da ke karɓar haske a cikinta. Inda sababbin kyamarori marasa madubi a ciki irin su Canon R6 suka yi mata fintinkau shi ne cikin duhu, da kuma kama idon mutum ko yana tafiya.

To, idan aikinka bikin dare ne, sauya. Idan kuwa na situdiyo ne, wallahi gara ka sa kuɗin a gilashin gaban kyamara (lens) mai kyau.

Mai sayen ta hannu kuma, a duba yawan hotunan da ta ɗauka, sannan a haska gilashin da tocila, ko akwai fumfuna a ciki.